Lallen Hauwa da Na'urar Hoton Jijiya

Takardar da asibiti suka ba mu ba ta ce kada a yi lalle ba. Ni na karanta ta da kaina, sau uku. Sai da na kai shekara arba'in na koyi karatu, saboda haka ba na tsallake ko harafi ɗaya.

Umbadda

Mun fita daga gidanmu a unguwar Umbadda ta Omdurman ƙarfe biyar da kwata na asuba, ni da 'yata Hauwa, mai ciwon sikila tun tana goye. Wasu likitoci ne suka zo daga waje, suna rubuta sunayen waɗanda za a gwada wa sabon magani mai gyara gadon da ke cikin jini. Ba su yi alkawarin warkewa ba. Amma ba a sa sunan kowa sai an ɗauki hoton ƙananan jijiyoyinsa, don a gwada da na bayan magani. Ran Alhamis za su tafi da na'urarsu, mu kuwa Talata muka fita.

Ran Lahadi ni na kira mai lalle ta yi wa Hauwa. Matar aure a garin nan ba ta shiga mutane da farin hannu.

Raksha, babur mai ƙafa uku, ta sauke mu kasuwar Suk Libya shida saura, muka hau motar Hayis.

Kan gada

Sojoji sun tsare mu minti hamsin a gadar shiga Khartum. Hauwa ta fara matsa gwiwarta, na san ciwon ne yake leƙowa.

Na ce wa direba, "Ya usta, matsa gaba ka ce akwai mara lafiya."

Ya ce, "Hajja, sauka ki faɗa musu. Ke za su fi tsoro."

Na sauka kuwa, aka ba mu hanya.

Khartum

Tara da rabi muka shiga asibitin. Na'urar kamar ƙaramar tocila take. Ana ɗiga mai a gindin farce, a haska, jijiyoyi su fito a allo kamar zaren ɗinki. Na ga na matar da ke gabanmu, har jinin yana tafiya.

Hauwa ta miƙa hannu, allo ya yi baƙi ƙirin. Yatsa goma aka gwada.

Diktorar, wato likitar, wata yarinyar Omdurman, ta ba ni haƙuri da Larabci ta ce, "Malesh ya khala, haske ba ya ratsa wannan lallen. Sai ya goge, kamar sati uku."

Na ce, "Nuna mini inda kuka rubuta."

Ta juya takardar gaba da baya, ba ta samu ba. Hauwa ta ja mayafina tana cewa, "Inna, don Allah ki bari." Ban bari ba. Diktora ta shiga ciki ta daɗe, ta dawo ta ce gobe za su gwada jijiyoyin farin ido. Ba tabbas, kuma kada Hauwa ta sa kwalli.

Mayo

Ba mu koma gida ba, gadar ba abin yarda ba ce. Mun sauka wajen ƙanwata Asabe a unguwar Mayo, Allah ya saka mata. Ta kawo dafaffen waken ful da burodi, na kasa ci. Ni na biya mai lallen nan.

Da asuba na ɗauke kwallin Hauwa na ɗaure a bakin zanina, na wanke mata fuska da hannuna kamar jaririya. Na yagi kwalin sukari na rubuta da Larabci, manyan baƙaƙe: ban da lalle, ban da kwalli. Ƙarfe bakwai saura muna asibiti, na liƙa shi a ƙofar ɗakin hoton, sannan muka zauna farkon layi.