Ruwan Sabulu a Birki

Ruwan sabulu wani mutum yake ɗurawa a mazubin man birkin motarsa, a ƙofar makarantar firamare, ga yara huɗu zaune a kujerar baya.

Wata mata da ke jiran autarta a cikin tsohuwar motarta ta kasa ɗauke ido daga kansa. Matashi ne, rigarsa fara ta sha guga, makulli na lilo a yatsansa don kowa ya gani. Ko ledar kujerun bai cire ba. Daga gani motarsa ce ta farko, ƙila har yanzu matarsa leƙenta take yi ta taga tana murmushi. Kumfa ta ɗiga a kan fenti, ya yi wuf ya goge da hankici. Amma man da ke tsiyaya ta bayan tayar gaba, har ya jiƙa ƙasa, ko kallo bai ishe shi ba.

"Malam, birkinka yoyo yake," in ji ta.

"Haba Hajiya, in na taka sau uku yana kamawa. Abokina ya ce sabulu ma yana yi."

Sau uku! Ga gangara a gaban makarantar, ga ƙaramar cikin yaran tana ɗago mata hannu ta gilashi. Ta fito, ta fizge ƙofar bayan motarsa.

"Sauke min 'ya'yan mutane yanzun nan, ka kira makanike ya gyara wannan yoyon. In kuma ka matsu sai ka gangara, to gangara kai kaɗai!"