Baba Ɗanlahadi da Injin Rahila

Kullum da hantsi Baba Ɗanlahadi yakan shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya a bakin kasuwar Mairuwa, ya jera sukudireba uku da farantin wanke ƙananan ƙarafa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran injin ban-ruwa da na markaɗe. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Bana ido ya yi rauni, ya ce daga wannan rani ya ajiye sana'ar.

Ana cikin ranin ne Rahila ta zo masa daga wani ƙauye bayan Ruwan Godiya. Mijinta ya rasu, gonar tumatir ce ke ci da 'ya'yanta huɗu. Kwana uku injinta bai ja ruwa ba, ga tumatir ya yi fure, ganye ya soma langaɓewa. In aka ƙara kwana biyu furen zai zube.

Baba ya ce ba a saita injin ban-ruwa sai a bakin ruwa. To, kowa ya san hanyar nan. Da faɗuwar gaba ake binta saboda 'yan bindigar daji, ba a bari la'asar ta yi wa mutum a can.

Mas'udu mai faci, maƙwabcinsa, ya ce, "Baba, kai da ba ka ganin ramin gabanka, ina za ka?"

"Mai babur ya gano mani rami, ni in jiyo mata inji."

Da suka isa fadama ya ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari ya mutu. Ya shinshina tanki.

"Ɗiyata, ƙosai kike toyawa a ciki?"

Rahila ta sunkuyar da kai. Tsoro ne ya ja. Mai ɗauke da galan ɗin fetur a wannan hanya, in bai haɗu da mutanen daji ba, a ce su yake kai wa. Sai ta riƙa zuba nata a jarkar man gyaɗa, kamar mai zuwa talla. Lakar man ta bi fetur ta toshe kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska.

Baba ya kwance kafireta a kan ɗankwalinta, yatsunsa na lalube. Ya zaro ɗan bututun da mai ke bi, ƙofarsa kamar ta allura, ya ɗaga shi ga rana. Bai ga komai ba. Sau uku yana auna siririyar waya, tana gocewa.

Can sai ƙarar babura daga bayan dutse. Kowa ya tsaya cak har ta yi nisa.

"Baba, rana fa," in ji Bilya, mai babur ɗin da ya kawo shi.

"Na ji ta a wuyana. Rahila, zo ki ara mani ido."

Ta zura wayar. Ya hura, ya wanke, ya mayar. Suka tace fetur da ƙyalle. Injin ya tashi da baƙin hayaƙi, yana neman mutuwa. Baba ya kara kunne, ya ɗora hannunta kan sukudireba.

"Murɗa kaɗan. Kaɗan na ce, ba tuwo ba ne! Tsaya. Kin ji?"

Ta ji. Ƙarar ta miƙe sumul, tiyo ya kumbura, ruwa ya bi kwari. Rahila ta zauna cikin taɓo tana kuka.

Kai ne, Baba, mai jin ciwon ƙarfe da kunne. Kai ne ka bi hanyar da masu ido suka ƙi. Furen nan bai zube ba, kuma yanzu in inji ya yi tari a wannan fadama, Rahila ake kira.

Mu mutanen wannan yanki mun gode, Allah Ya ba ka lafiya. Masu sana'a a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, hanyoyinmu ba kullum suke biyuwa ba. Abin da kuka iya, ku sa shi a hannun wanda ke zaune can ƙauye.