Bashiru Ɗan Dambe da Ciwon da Muka Kira Haɗama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Maris 1994, ana tsakiyar yawon ƙaramar Sallah, aminina Bashiru Awalu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa da ke unguwar New Bell. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ko shekara talatin da biyar bai cika ba.

Bashiru, tare muka taso, tare muka shiga damben zamani. A can muka tarar da ɗabi'ar amayar da abinci idan ranar awon nauyi ta matso. Ni na bar ta ranar da na bar dambe. Kai kuwa ta bi ka har gida, ta ƙara ƙarfi bayan an sallame ka daga aikin tashar jirgin ruwa. Sai ka ci abincin mutum uku a tsaye, ba ka ko jin ɗanɗanonsa, sannan kunya ta kai ka bayan gida ka dawo da shi. A shekarun da tukunya ke wuyar hawa murhu, unguwa ba ta yafe wannan ba. Wasu suka ce haɗama, wasu suka ce sammu.

Matarka Hadija ce ta ƙi yarda. Ta ja ka wurin wata likita a unguwar Deïdo, ni ma na raka ku. Likitar ta ce sunan abin boulimie, ciwo ne da ke farawa daga damuwa, kuma yawan aman yana raunana zuciya. A hanyar dawowa ka tsaya kana kuka kamar yaro. Ka ce mini, "Hamman, ashe ba mugun hali ba ne. Ashe yana da suna."

Ka yi ta fama. Wani watan ya yi kyau, wani ya ɓaci. Amma ba ka sake ɓoyewa ba. Ka tara samarin da kake koya wa dambe, ka buɗe baki ka nuna musu haƙoranka da suka zaizaye, ka ce, "Duk wanda ya yi amai saboda kilo, ya ajiye safar hannuna ya zo mu yi magana. Ba zan kore shi ba." Biyu suka zo. Jiya su suka ɗauki makararka.

Tsofaffin layinmu kuma ba su manta lokacin yajin aikin villes mortes ba, da aka rufe gari babu mota babu kasuwa a kusa, kai kana takawa har kasuwar Marché Dakar ka ɗauko musu garin rogo a ka. Ba ka taɓa taɓa ko loma daga ciki ba.

Azumin bana ya yi maka nauyi. An ce ka sha, ka ce ba za ka iya kallon 'yarka Zinariya tana azumi kai kana ci ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan Bashiru, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka ba shi hutun da bai samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Umma, da Hadija da ta tsaya masa lokacin da aka yi masa dariya, da Zinariya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu zuwan.