Mai Sayen Kafet a Kasuwar Mahaica

Yonette tana rungume da buhunan da za ta ɗura wa yashi don tare ambaliya, amma idonta ya ƙi barin wata mata. Ba ta san ta ba. Gajera ce, silifas fes, ko ɗigon laka babu a dunduniyarta. Wai kafet take tayawa! Har ta cire takalmi tana murza yatsu cikin laushinsa.

"Anti, wannan fa ba ya shiri da ruwa," in ji mai kayan.

"Wane ruwa, ɗana? Mu an gama mana katanga. Teku sai dai ta yi haukanta daga waje."

Lallai 'yar gabashin gari ce, inda aka jibge sababbin duwatsu a bakin teku. Aikin bai iso layin su Yonette ba. Firjinsu yana kan bulo, gadon Mama ma haka, ga jibi teku za ta tumbatsa. Waccan kuwa ƙila har minshari za ta yi.

Matar ta juyo tana murmushi. "'Yata, ja ko fari?"

Yonette ta gyara riƙon buhunanta.

"Ɗauki fari, Anti. Ku ai kun manta kalar laka."