Hancin Makarantarmu

Litinin ta farko a watan Satumba, ina shekara bakwai, watanmu biyu da sauka Birmingham, Umma ta kawo ni makaranta a unguwar Small Heath. Tana ɗaga kai ta ja ta tsaya cak. Ni kam baki na saki. Jan bulo tun daga ƙasa har sama, tagogi dogaye masu tsini, an sassaƙa ganye da furanni a saman kowace ƙofa, ga wata hasumiya da sai da wuyana ya ƙage kafin na hango ƙarshenta. Wallahi ban taɓa ganin gini mai kwarjini haka ba.

"Wannan ai coci ne," in ji Umma. "Mu juya."

Baba yana aikin asibiti a Manchester, sai Juma'a yake dawowa, Umma kuwa in ta kafe ta kafe. Ta ce gara ta mayar da ni Kano wurin kakata in yi karatu a can. Washegari da safe na tasa ta da kuka har muka zo bakin get, ta harari hasumiyar, muka koma gida.

Ran Laraba da muka sake zuwa, wani tsohon Bature mai kula da ginin ya ga tana nuna sama tana girgiza kai, ya yafito mu. Muka shiga wani zaure mai rufin katako gantsare kamar haƙarƙari, takunmu yana amsawa. Ya nuna wata ragar ƙarfe a bango, ya yi wa Umma alama ta kai bakin mayafinta. Mayafin ya manne, iska na zuƙarsa! Tsohon ya ja dogon numfashi, ya nuna sama. Ashe babu ƙararrawar coci a hasumiyar, an gina ta ne ta riƙa zuƙe gurɓatacciyar iskar azuzuwa, yara su sha mai kyau.

"Ikon Allah! Ashe hanci ne!" Umma ta ce, ta tura ni aji da hannunta.

A gindin hancin nan na yi tsallen igiya da ɓuya, na koyi Turanci har ya fi ƙarfin Umma.

Yanzu ginin ya zama ofisoshi. An yanka zauren da gilashi, filin wasanmu ya zama wurin ajiye motoci. Bara, bayan rasuwar Umma, na roƙi mai gadi ya bar ni na shiga. Ragar tana nan, an shafe ta da farin fenti. Na kai bakin mayafina, na jira. Ko motsi bai yi ba.