Jar Fitilar Batiri

A garejin Hamisu mai wayarin ɗin mota da ke Gyaɗi-Gyaɗi, gindin bangon da fastocin zaɓe suka koɗe, wata mata na zaune cikin tsohuwar Fijo. Da ganin farin takalminta, ma'aikaciyar asibiti ce. Kujerar direba ta yi mata nisa, da ƙyar ƙafarta ke kai birki. Tana nuna masa jar fitilar batirin da ke ci tun daga Tarauni.

Yana kankare tsatsar kan batirin yana tambaya, "Hajiya, motar nan ta daɗe a ajiye ko?"

"Wata huɗu da kwana goma."

Hannunsa ya tsaya cak. Kwanakin takaba ke nan.

"Allah ya jiƙansa," ya ce, ya sunkuya zai matso mata da kujerar.

Ta yi wuf ta dafe ta. "Malam, bar ta yadda ya bar ta."