Gwangwanin Mode Mai Lambu

Kullum da sassahe, kahin ɗalibai su shiga aji, Mode mai lambun kwaleji na ɗaukar wani tsohon gwangwanin madara shi zagaye makaranta: bayan ɗakunan kwana, gindin tankin ruwa, ƙarƙashin dogonyaro. Guntayen sigari shika tsinta, ɗaya ɗaya. Shekara ashirin da biyu shina haka, watan jiya yab bar aiki.

Ni Azumi ta Marnona ban yi boko ba. Ni ka hwaɗi, jikata Khadijatu ka rubutawa. Amma ko ruwan sha mutum yab ba ni ba ni mantawa, kuma ba ni son in mutu da nauyin Mode bisa wuyana.

Ɗana Junaidu tari yak kashe shi, sigari na bakinai har yak kwanta. Yab bar mani ɗa guda, Zayyanu. Da yaron ga yad dawo hutun hwarko daga kwaleji, sai nij ji warin ubanai ga rigatai. Na yi hwaɗa, na yi kuka, sai yak koyi tsotsar minti kahin shi gaishe ni. Malamai sun kahe allon hana shan sigari, sun kori ɗalibai biyu. Samarin sunka koma bayan tanki.

Mode bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Mutumin Tursa na, gidansu taba sunka noma cikin hwadama kahin ruwan dam na Goronyo shi maishe su ga albasa da kabeji. Ya san ganyen nan hiye da masu shan shi. Abin da yac ce masu kawai: "Samari, in kun gama kada ku yas da guntun, ku ba ni."

Sai shi jiƙa guntayen kwana ukku, ruwan shi yi baƙi wuluk. Wata rana yak kira su lambu, tsutsa ta cika kabeji, yay yayyahwa ruwan gabansu. Da sunka dawo da sahe, tsutsa duk ta zube ƙasa.

Zayyanu yac ce, "Baba Mode, mi kaz zuba masu?"

Yac ce, "Abincinku na. Ni rabona da neman maganin ƙwari tun da kunka zo makarantar ga. Don Allah ku ƙara himma, akwai tumatir gaba."

Wani yay yi dariya, yad duba yag ga shi kaɗai ka yi.

Ba ni yi maku ƙarya in ce ran nan Zayyanu yad daina. Sau biyu shina komawa. Amma Mode ya yanka mai kunya biyu cikin lambu, yac ce in ƙwaɗayin ya taso shi ɗauki bokiti da asawaki shi zo ban ruwa. Abokai sunka biyo shi, su ma anka yanka masu. Bayan tanki yak koma lambu.

Da Zayyanu yad dawo hutun rani nac ce, "Maigidana, matso." Nas sunsuna rigar, nas sunsuna yatsu. Albasa nij ji. Yac ce, "Tsohuwa, ko kare bai kai ki hanci ba." Nac ce ja'iri, zamna ka ci tuwo. Yanzu malami na a Rabah, ɗiyanai biyu.

Mode, kai na gatari mai saran iccen da kat tashi ƙarƙashinai. Kai na kar riƙe mani gidan Junaidu bai rushe ba. Na aike ma da buhun tahwarnuwa, kar rabe ma maƙwabta, to har yanzu nauyin na nan. Allah Shi biya ka, Shi ba ka tsuhwa da lahiya.

Ku masu gadi, masu abinci, masu shara na makarantu, kada ku ce ba ku da allo. Ɗiyan mutane na gabanku kullum, ku duba abin da ke hannunku.

Ranar sallamar Mode na tai kwaleji. Nat tarar da kabeji duk huda-huda. Yam miƙo mani gwangwanin, guntu huɗu ciki, na sati guda.

Yac ce, "Hajiya, jikanki ya ɓata mani sana'a."

Nac ce, "Bar tsutsa ta ci, Mode. Ita ma ta jima tana haƙuri."